Jirgin da Aka Ƙera a Makka

Tun da Allah ya yi wa Abbanku rasuwa, duk sallar da kuka taru a gidan nan sai maganar jirgi ta taso. Ke Maryam ki ce Faisal ne ya jawo mana, kai Usman ka ce Abbanku tsoro ya yi masa yawa har ya miƙa wa wasu guminsa, shi kuma Faisal ya tashi ya fita waje. Ina jinku daga ɗaki, ba na tankawa. Yanzu ƙarfina ya ragu, shi ya sa na ga gara in rubuta muku yadda abin ya faru, domin a cikinmu nan ni kaɗai ce na gan shi daga farko har ƙarshe.

A Tandabawi, wata unguwa a nan Makka, aka haife ni. Iyayena ta Sudan suka zo, ban taɓa ganin ƙasar Hausa da idona ba, amma takardata ta ce ni 'yar can ce. Abbanku Haruna kuwa yana saurayi ya shigo ta Cadi. Iƙamarsa, wato takardar izinin zama, a ƙarƙashin Ammu Salih take, ɗan uwan mahaifiyarsa na nesa wanda kakanninsa suka daɗe da zama 'yan ƙasa. A jikin iƙamar an rubuta cewa Abbanku direban gida ne. Bai taɓa tuƙa iyalin Ammu Salih ko da zuwa kasuwa ba. Aikinsa yin tankunan ruwa na faiba, waɗanda ake ɗorawa a saman gidaje, a wata 'yar warsha, wato rumfar sana'a, da ke bayan unguwar Rusaifa. Warshar tasa ce, da hannunsa ya kafa ta, amma lasisin da sunan Ammu Salih aka yanka. Doka ta hana baƙo ya yi sana'ar kansa a bayan sunan ɗan ƙasa. In aka gano, ɗan ƙasan zai sha hukunci, baƙon kuma a mayar da shi ƙasarsa, iyalinsa su bi shi. Kowa a unguwarmu ya san wannan, kuma da yawa a haka suke ci. Abin da ake so kawai kada ka yi ƙara, kada a san da kai.

Faisal ne yake kai tankuna Jidda. A wata kaiwa ya je wani kulob a bakin teku, inda samari suke tsere da ƙananan jiragen ruwa marasa inji, waɗanda ake ɗaga wa ƙyalle a kan dogon sanda iska ta tura su. Ya ga wani jirgi ya tsage an jingine shi, ya ce musu mahaifinsa zai iya liƙe shi. Haka aka fara kawo wa Abbanku gyara. Daga gyara sai ya fara auna su yana shafa cikinsu, har wata rana ya ce da ni a wurin cin abinci:

"Rabi, tanki ruwa yake riƙewa a ciki. Wannan kuwa hana shi shiga yake yi. Aikin ɗaya ne, juya shi aka yi."

Ya daɗe yana ɓata kaya kafin ya samu mazubin da ya gamsar da shi, wato abin da ake zuba faiba a ciki ta ɗauki siffar jirgi. Jirgin farko ya ba Faisal, wanda a lokacin ya riga ya koyi tuƙi a wurin samarin nan. Wasu biyu daga cikinsu suka gwada, suka ce a yi musu irinsa. Ni ban ɗauki abin da wani nauyi ba. Na ɗauka wasa ne da zai hana Faisal yawon banza.

A shekarar da nake ba ku labari, kulob ɗin ya shirya babbar gasa. Faisal ya zo na ɗaya, ɗaya daga cikin samarin da Abbanku ya yi wa jirgi ya zo na uku. To, a shekarar ne masu kulob suka fara sa sunan wanda ya ƙera jirgi kusa da sunan matuƙi a sakamakon da suke wallafawa. Masu shigo da jirage daga Turai ne suka nemi haka, don talla ce gare su. Mai rubutawa ya tambayi Faisal, yana jiƙe sharkaf, mutane suna rungumarsa, wa ya ƙera nasa. Ya faɗi sunan mahaifinsa. Aka ce a ina, ya ce a Makka. Abin da ya yi ke nan. Yaro ne aka tambaye shi sunan ubansa a ranar da ya fi kowace rana daɗi a rayuwarsa.

Ke Maryam kika shigo da waya a hannu kina tsalle. Kika nuna wa Abbanku: sunayen kamfanonin Turai a jere, a samansu kuma sunansa, da Makka a gefe. Bai iya karatun Larabci da sauri ba, sai ya bi haruffan da yatsa. Na ga fuskarsa a lokacin, kuma ina so ku sani cewa ya yi murna. Ya yi dariya har haƙoransa na ciki suka fito, ya ce a sake karanta masa. Ba a yi sallar la'asar ba sai ga wayar Ammu Salih.

Da a ce Jidda aka rubuta, ina jin ba wanda zai kula. Makka ce ta ja hankalin mutane. Garin da ba teku, ba kogi, an ƙera jirgin da ya wuce na Turawa. Hoton ya riƙa yawo daga waya zuwa waya, har matan da nake zuwa karatu da su suka turo min suna yi min barka. Ammu Salih ya zo gidan da kansa, abin da ya daɗe bai yi ba. Bai zauna ba, bai sha shayin da na kawo ba. Da Larabci ya fara, da ransa ya ƙara ɓaci ya koma Hausa.

"Ya Haruna, direba ne yake ƙera jirgi? In suka zo suka tambaye ni, me zan ce musu?"

"Yaro ne ya faɗa, Ammu, bai sani ba."

"Yaro bai sani ba, kai fa? Shekara nawa ina rufa maka asiri? Ni ma ina da 'ya'ya."

Ba mugun mutum ba ne, kada ku riƙe shi a zuci. Amma kafin ya fita ya faɗi maganar da ta hana ni sukuni. Ya ce in har aka fara bincike, shi zai riga kowa zuwa ya ba da rahoto cewa direbansa ya gudu ya bar shi tuntuni, bai san abin da yake yi ba. Kun san abin da wannan rahoton yake nufi. Daga ranar da aka shigar da shi, duk inda aka tsayar da mutum sai a wuce da shi.

Abbanku ya rufe warsha, ya sallami yaran aikinsa. Ya zauna a gida, mutumin da ban taɓa gani a gida da hantsi ba. Wayarsa ta riƙa ƙara da lambobin da bai sani ba. Wani ya ce jirgi yake so, wani ya ce ɗan jarida ne yana son ya zo ya ɗauki hoton warshar. Ba mu da hanyar sanin wane ne mai saye, wane ne mai bincike. Daga baya ya daina ɗauka, sai ya ajiye ta a kan tabarma mu zuba mata ido tana haske har ta mutu. Ni kuma kunnena ya koma kan titi. Motar da ta rage gudu a ƙofar gida, ƙofar mota da aka rufe da ƙarfi, takalmi a kan matakala, duk sai in tashi in leƙa ta taga. A makon nan aka kama wani maƙwabcinmu mai gyaran firji a kan wata magana tasa daban, matarsa ta riƙa zuwa tana kuka a wurina, ina ba ta haƙuri ina kallon kaina a jikinta. Na ɗauko jaka zan haɗa kaya ko da za a zo, na tsaya a tsakiyar ɗaki ban san me ake ɗauka zuwa ƙasar da ba ka taɓa gani ba. Ban san ko ana sanyi a can ba. Kai Usman a lokacin Hausarka ma ba ta fita sosai, na riƙa tunanin yadda za ka yi a makarantarsu.

Wata ranar Juma'a, maza duk sun tafi masallaci, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Na leƙa ta taga na ga farar mota da mutum cikin farar riga mai guga. Na tsaya a bayan ƙofa ban buɗe ba.

"Nan ne gidan mai ƙera jirgi?"

"Ba mai ƙera jirgi a nan," na ce.

Sai ya ce, "Ya Hajja, kada ki ji tsoro. Ni ba daga hukuma nake ba. Ina da masana'antar jiragen kamun kifi a Jidda. Ki ba shi wannan."

Ya turo katinsa ta ƙarƙashin ƙofa ya tafi. Na sunkuya na ɗauki katin. Abin da ya fi tsorata ni shi ne yadda ya gano gidan. In shi ya iya, kowa ma zai iya.

Abbanku ya yi kwanaki yana juya katin kafin ya kira. Mutumin ya fahimci halin da muke ciki tun kafin a gama yi masa bayani. Ya ce zai karɓi mazuban jirgin, ya mayar da iƙamar Abbanku ƙarƙashin masana'antarsa da sana'arsa ta gaskiya, ya riƙa biyansa albashi. Amma jiragen da sunan masana'antar za su riƙa fita, har wanda ya riga ya ci gasa, a gyara a ce nasu ne. Ammu Salih ya ce zai sa hannu a sake shi, in dai an cire sunan daga shafin kulob.

Da Abbanku ya tara mu ya faɗa, Faisal ya miƙe tsaye.

"Abuya, sunan nan shi ne kaɗai abin da ka taɓa mallaka a ƙasar nan. Warsha ba taka ba ce a takarda, mota ba taka ba ce. Wannan kowa ya gani, ba mai iya ƙwace maka. Kai ne za ka miƙa musu da hannunka?"

"Zauna, Faisal."

"Mutane suna kira suna son jirgi. Mu nemi lauya, mu nemi hanya."

"Kafin a samu hanyar, a ina uwarka za ta kwana? Ka dube ta."

Faisal ya dube ni. Na rame a 'yan makonnin nan har zobena yana zamewa. Ya koma ya zauna, amma bai yarda ba, kuma duk mun san haka.

Aka sa ranar kai mazuban Jidda. Suka ɗora su a bayan motar warsha, suka rufe da tamfol, sai dai hancin ɗaya ya leƙo waje, ba yadda za a yi da shi. Na sa abayata na fito na ce da ni za a je. Abbanku ya ce in zauna. Na ce masa na gaji da jiran ƙarar ƙofa, in wani abu zai same shi gara ya same shi a gabana. Na ce da ke Maryam, in magariba ta yi ba mu dawo ba, ki ɗauki Usman ku tafi gidan innarku.

Abbanku ne yake tuƙi, Faisal a gefensa, ni a baya. Da muka kusa shingen da ke kan hanyar Jidda, motoci suka rage gudu. Yawanci hannu kawai ake ɗaga wa mutum ya wuce. Mu sai aka nuna mana gefe. Jami'in saurayi ne, bai fi Faisal ba. Ya karɓi iƙama da lasisi, ya duba, ya zagaya baya, na ji ya ɗaga tamfol. Ina ta karanta duk abin da ya zo bakina, na kasa kai aya ɗaya ƙarshe. Ya dawo wajen taga yana murmushi, da wayarsa a hannu.

"Wannan ba jirgin Makka ba ne? Wanda ya ci gasa?" Ya dubi iƙamar, ya dubi wayar. "Sunan ma ɗaya ne. Ya Ammi, kai ne ka ƙera shi? Mashaa Allah. Har mahaifina na nuna wa."

Da zuciya ɗaya yake magana, na gane haka. Murna yake yi da mu. Amma iƙamar tana hannunsa, kuma a jikinta an rubuta direba. Ina ganin wuyan Abbanku daga baya, gumi yana gangarowa cikin rigarsa.

"A'a, ɗana," in ji Abbanku. "Ni direba ne. Kaya aka ba ni in kai."

Jami'in ya ɗan ɗaure fuska, kamar wanda aka kunyata. Ya sunkuyo ya leƙa Faisal.

"Amma kai ne a hoton nan, ko ba kai ba ne? Kai ka zo na ɗaya."

"Ni ne," in ji Faisal.

"To wa ya ƙera?"

Motoci suna wucewa ta gefenmu. Abbanku bai juya ya dubi ɗansa ba, gabansa kawai yake kallo, hannuwansa a kan sitiyari. Ni kuma ba abin da zan iya yi sai kallon ƙeyar Faisal. Na san halinsa, na san bai yarda ba, kuma na san kalma ɗaya daga bakinsa ta isa a ce mu sauko.

"Wata masana'anta ce a Jidda," Faisal ya ce. "Kuskure aka yi wajen rubutawa. Sun tambaye ni wa ya kawo jirgin, na ba su sunan babana. Shi ya ɗauko min shi a mota."

Jami'in ya ce ashe haka ne, ya miƙa takardun, ya ce duk da haka mabruk, wato barka, Allah ya ƙara nasara. Muka wuce. Ba mu yi nisa ba Abbanku ya gangara gefen hanya ya tsaya, domin ya kasa ci gaba da tuƙi. Suka yi musayar wuri ba tare da sun dubi juna ba. Faisal ya ja mu har Jidda, hawaye yana zuba yana sharewa da kafaɗarsa.

A masana'antar aka sauke mazuban. Daga nan muka biya kulob, Faisal ya shiga shi kaɗai ya maimaita wa mai rubuta sakamako abin da ya faɗa a shinge. Kafin mu iso gida an riga an canja sunan. Mutanen da suka yi ta yaɗa hoton wasu suka ce dama sun san ƙarya ce, wasu suka yi dariya, bayan ɗan lokaci kowa ya manta. Ko masu bincike sun taɓa niyyar zuwa, har yau ban sani ba. Ammu Salih ya ce sun je warshar sau ɗaya suka tarar da tankuna kawai, amma ban tabbata ba ko ya faɗa ne don ya wanke kansa.

Abin da ya biyo baya kun sani. Abbanku ya yi sauran shekarun ƙarfinsa yana zuwa Jidda yana dawowa, da iƙamar da ta faɗi gaskiyar sana'arsa. Mun daina firgita da ƙarar ƙofa, kun gama karatunku a garin da aka haife ku. Jiragensa suka ci gaba da cin gasa da sunan masana'anta, yakan ji labari a wurin aiki ya dawo bai faɗa ba. Faisal bai ƙara shiga jirgi ba. Ya samu aiki a garin Yanbu ya tafi, in ya zo sallah ya durƙusa ya gaida mahaifinsa, su yi maganar zafi da hanya da lafiyar yara, shi ke nan. Ba faɗa suka yi ba. Kowannensu yana jin kunyar ɗayan ne, shi Faisal yana ganin ya jefa mu cikin bala'i sannan ya ƙaryata ubansa a gabansa, shi kuma Abbanku yana ganin ya sa ɗansa ya yi abin da ba ya so.

A ciwonsa na ƙarshe, wata safiya ina ba shi kunu, ya ture cokalin ya ce:

"Rabi, ki gaya wa Faisal, ranar da ya faɗi sunana bai yi laifi ba. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Ranar da ya janye shi ma bai yi laifi ba. Wannan ta biyun ta fi wuya, kuma na san don mu ya yi."

Na ce masa wannan ba saƙon da ake aikawa ba ne, ya faɗa masa da bakinsa. Ya ce to, in ya zo sallah. Allah bai kai shi sallar ba. Ni ma na yi ta neman ranar da zan faɗa maka, Faisal, amma duk lokacin da aka ambaci jirgi sai ka tashi ka fita. Shi ya sa na rubuta. Saƙon ubanka ne, ga shi na isar.